Wa Ya Taɓa Leƙa Kunnensa?

A kusan kowace unguwa akwai shi. An haife shi da tawayar ƙwaƙwalwa, ko wata cuta ta taɓa masa ita tun yana goye. Ya girma bai yi nisa a karatu ba, bai yi aure ba, yara na tsokanarsa, manya na aikensa. Shi ke cika butocin masallaci, shi ke kai markaɗe, shi ke share ƙofar shago a ba shi na koko. Idan mace ce tana cikin gida, raino da wanke-wanke, har furfura ta fito mata ana kiranta da sunan da aka laƙaba mata tana yarinya. Mutanen nan suna tsufa kamar kowa, sai dai ba mu cika lura ba, don a idonmu yara ne har su koma ga Allah. Kuma tsufa idan ya zo musu, sau da yawa ta kunne yake fara shigowa. Mu kuwa sai mun gama zargin halinsu, mun zargi ƙwaƙwalwarsu, mun zargi aljanu, kafin wani ya tuna cewa suna da kunne.

Abin yakan fara ne bayan rasuwar uwa. Ita ce ta san shi ciki da bai, ta san ma'anar kowane gurnani da kowane kallo. Da ta rasu sai ya koma hannun ƙane ko wa, wato hannun matar gidan. Bayan shekara biyu ko uku sai ƙorafi ya taso. "Maigida, Yaya fa ya canza. Sai in yi ta kira ya yi mini banza. In na matso na taɓa shi kuma ya zabura kamar zai kai mini duka." Maigida ya ce taurin kai ne, a ƙyale shi. Aka kwana biyu ya daina zama a majalisa, ya daina bin yara kallon ƙwallo, aike ma sai ya je ya dawo da abin da ba shi aka ce ba. Sai aka ce ya fara ruɗewa. Da ya fara faɗa, yana ture kwano, yana magana da ƙarfi ba dalili, sai aka ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Da abin ya ƙi, aka aika kemis ya haɗo maganin barci. Da ya koma kwana da wuni a kwance, miyau na zuba, sai gida ya yi shiru, aka ce Alhamdu lillahi, an samu sauƙi.

Wa ya samu sauƙin? Ku kuka samu. Shi yana nan inda yake, ba ya jin ku, an kuma ƙara masa da maye.

Kada wani ya kira wannan haƙuri ko tawakkali. Lalaci ne, da raini. Dubi abin da ake yi idan Alhaji babba ne jinsa ya ragu. Tun ranar da ya fara ƙure rediyo 'ya'ya za su lura. Shi da kansa zai ce, "Kunnen nan nawa na hagu kamar an toshe shi." Kafin wata ya ƙare an kai shi Kano ko Kaduna, in da hali ma har Masar ko Indiya. Amma don mutum ya yi ƙorafin kunnensa, sai ya iya gwada jinsa na bana da na bara, ya gane an samu ragi, ya kuma sami kalmar da zai faɗa, sannan ya sami wanda zai saurare shi. Mai tawayar ƙwaƙwalwa yakan rasa ɗaya daga cikin waɗannan, wani ma ya rasa duka. Shi dai ya ga duniya tana ja da baya, mutane suna motsa baki suna harararsa, ana yi masa tsawa a kan laifin da bai san ya yi ba. Ture kwanon nan da ya yi, shi ne ƙorafinsa. Ya faɗa da harshen da yake da shi, ku ne kuka yi kunnen uwar shegu.

Wannan sakaci ba mu kaɗai ke yin sa ba, kuma inda aka auna shi ne ya fi nuna girmansa. A ƙasar Holan, inda masu irin wannan lalura ke da likitocinsu na musamman da ma'aikatan da ake biya don kula da su, Farfesa Heleen Evenhuis ta Jami'ar Erasmus da ke Rotterdam da abokan aikinta sun auna jin manya 1,598 masu tawayar ƙwaƙwalwa, suka wallafa sakamakon a 2006. Kusan kashi 30 cikin ɗari suna da raunin ji. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kusan rabin waɗannan babu wanda ya san da matsalar kafin binciken, ba iyali ba, ba ma'aikacin da ke yi musu wanka kullum ba. A ƙasar da ke da na'ura da kuɗi da ƙwararru ke nan. Sai mai karatu ya yi wa kansa lissafin Gwadabawa da Nguru da Tasawa.

Lissafin namu kuwa ya fi nasu nauyi, don cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro a ƙasar nan su ne dai ke taɓa kunnensa. Sanƙarau na kan gaba. A annobar 1996 mutum fiye da 250,000 ne suka kamu a yankin Sahel, wajen 25,000 suka rasu, kuma a Najeriya kaɗai waɗanda suka kamu sun haura 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau, ɗaya kan tashi da tabon da ba ya gogewa: kurumta, farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa, wani lokaci a haɗe. Yaran da suka tsira a waccan shekara yanzu sun zama manya, nan da 'yan shekaru za su shiga sahun dattawa da kunnen da dama ya sha wuya. Ga ƙyanda, ga shawarar jarirai idan ta yi tsanani, ga doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, ga zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, ga ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki. Sannan ga abin da muke ƙarawa da hannunmu: allurar gentamicin da ake dankara wa mutane a kemis ba awo ba ƙa'ida, da streptomycin, da kwinin, dukkansu an san suna iya lalata ji. Wa kuma ake turawa ya tsaya a gindin injin niƙa ko janareta tun safe har yamma? Wanda ba zai yi gardama ba.

Masu lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga, su nasu ya fi na kowa gaggawa. Ana haifarsu da ƙwayar halitta ta 21 guda uku maimakon biyu, kuma wannan ƙari yana shafar ƙirar kunne. Ramin kunnensu ƙunci gare shi, don haka datti ke saurin toshe shi. Ruwa yakan taru a bayan dodon kunne ya daɗe bai tsiyaye ba. Raunin jin da ke zuwa wa sauran mutane a shekara sittin ko saba'in, su yakan fara taɓa su tun suna talatin ko arba'in. A da ba a cika ganin wannan ba saboda ba su daɗewa. A Amurka, a 1983, matsakaicin tsawon ransu shekara 25 ne, yau ya kai wajen 60. Mu ma nan, da rigakafi da maganin ciwon huhu, ana ganinsu da furfura fiye da da. Akwai kuma wani tarko. Cutar mantuwa ta Alzheimer tana kama masu Down da wuri, wannan gaskiya ne. Amma saboda an san haka, da zarar ɗayansu ya yi sanyi ya daina amsawa sai a yanke cewa ita ce, a naɗe hannu. Likitan kirki ba ya furta wannan hukunci sai ya duba ji, ya duba gani, ya auna aikin ƙwayar maƙogwaron nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ya kuma bincika ko baƙin ciki ne, musamman ga wanda bai daɗe da rasa uwa ba. Duk waɗannan suna kama da ruɗewa, kuma duk suna da magani. Ko ga mai cikakken hankali ma, kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2020 cewa cikin abubuwan da ke jawo gigin tsufa waɗanda ake iya magancewa, raunin ji ne ya ɗauki kaso mafi girma. Ƙwaƙwalwar da ba a ciyar da ita da magana tana ƙara lalacewa, balle wadda dama da rauninta.

Na san amsar da ake bayarwa, don kowa ya san ta. "Ai yana ji. In an ambaci abinci ai da gudu yake zuwa. Abin da ya ga dama yake ji." Wannan ita ce hujjar da ta fi cutar da su, kuma jahilci ne tsagwaronsa. Raunin jin tsufa ba ya kashe sauti gaba ɗaya. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu kama siririn sauti. Don haka baƙaƙe irin su s da sh da ts da f da t ke fara ɓacewa, wasula da karin murya su rage. Sai a ce sittin mutum ya ji tis'in. Muryar mata da ta yara takan riga ta maza dusashewa, shi ya sa matar gida ke rantsuwa ita ya raina, tunda maigida na magana yana juyowa. Halin da yake ciki kamar na mai jin hirar maƙwabta ne ta bayan katanga: ya san muryar wace ce, ya san faɗa ake ko raha, amma bai san me ake cewa ba. Abinci kuwa ai ba sai da kunne ba. Ya ga hayaƙi, ya ji ƙamshi, ya ga yara sun nufi kwano, ya san lokaci ya yi. A ɗaki shiru, fuska da fuska, zai fahimce ka. A tsakar gida, ga rediyo, ga daka, ga kukan yara, ka kira shi ta baya, ba zai ji ba. Ba zaɓa yake yi ba.

Abin takaicin da ya fi ƙona rai shi ne, a wurin da yawa daga cikinsu matsalar ba ta ma kai can ciki ba. Dattin kunne ne kawai ya taru shekara da shekaru ya daskare ya toshe hanya. Shirin wasannin Special Olympics, wanda Eunice Kennedy Shriver ta kafa a 1968 don masu tawayar ƙwaƙwalwa, yana da sashen da ke duba kunnen 'yan wasa kyauta a wurin gasa, kuma abin da suka fi cin karo da shi a ƙasa bayan ƙasa shi ne kunnuwan da datti ya toshe. Waɗannan fa su ne masu gata, waɗanda aka saya wa takalmi aka kai filin wasa. Cire wannan datti aikin mintoci ne a hannun wanda ya iya. A ɗiga man zaitun kaɗan na 'yan kwanaki ya yi laushi, ma'aikacin lafiya ya wanke ko ya zuƙe. Idan kunnen na ciwo ko yana zubar da ruwa ko mugunya, to kada a ɗiga komai sai likita ya gani, don mai yiwuwa dodon kunnen ya huje. Tsinken ashana da gashin kaza da audugar nan mai sanda kuwa ƙara tura dattin ciki suke yi. A tsaya a yi tunani: mutum ya yi shekara biyar ana kiransa mai kunnen ƙashi, an kai shi gidan malamai uku, an ɗura masa maganin barci, wataƙila har an kulle shi a ɗaki, a kan abin da girmansa bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Ban ambaci kulle don ƙawata magana ba. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari a sassan Najeriya, a gidajen magani na gargajiya da na addini har da wasu wuraren gwamnati. Hanyar da ke kai mutum ga mari takan fara ne daga kalma ɗaya: "ba ya jin magana." Ba a cika tsayawa a tambaya ko ji ɗin ne da gaske babu ba.

Ma'aikatan lafiya, ku ma ku matso. An kawo muku dattijo mai shekara hamsin, ƙanensa na riƙe da hannunsa. Ba ku dube shi ba, ba ku gaishe shi ba, ƙanen kuka tambaya, "Me ke damunsa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, dama can ba shi da cikakken hankali, to kwanan nan abin ya ƙaru, faɗa yake yi." Kafin ya rufe baki alƙalami ya hau takarda: haloperidol, ko Largactil, a dawo bayan wata. Masana a Amurka, Steven Reiss da abokansa, sun bayyana wannan cuta ta likitoci tun 1982: da zarar an ga tawayar ƙwaƙwalwa sai ta rufe ido, duk wani ciwo da mutum ya zo da shi a jingina mata. Na san layi na da tsawo, na san ku kaɗan ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a kan ji ya nuna cewa a mafi yawan ƙasashe matalauta, likitan kunne da hanci da maƙogwaro bai kai ɗaya ga mutum miliyan ba. Amma leƙa kunne ba sai ƙwararre ba. 'Yar fitilar duba kunne ba ta kai wayar da ke aljihunku tsada ba, kuma duba kunne biyu bai fi minti biyu ba. Wanda ya rubuta wa mutum maganin da zai kwantar da shi wata guda bai leƙa kunnensa ba, bai yi aikin likita ba, ya taya iyali rufe masa baki ne.

Kada kuma a fake da cewa ba zai iya gwajin ba, wai ba zai gane ya ɗaga hannu idan ya ji ƙara ba. Da yawansu za su iya idan aka bi su a hankali. Wanda ba zai iya ba, akwai gwajin da ba ya bukatar ya ce uffan. Tun 1978 David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wata 'yar amsa idan sauti ya shige shi, kuma a kan wannan aka ƙera na'urar da ake sa wa a bakin kunne ta ba da sakamako nan take. Akwai mai auna motsin dodon kunne, akwai wadda ake manna wa a kai ta karanta yadda jijiya ke ɗaukar sauti ko mutum na barci. Da irin waɗannan ake auna jin jaririn kwana biyu. Jariri ya fi dattijon nan ba da haɗin kai ne?

Hukumomi kuwa takarda ba ta yi musu kaɗan ba. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta tanadi cewa mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitin gwamnati. Akwai hukumar masu nakasa, akwai cibiyar kula da dattawa. Ana bikin ranar ji ta duniya kowace 3 ga Maris, ana na masu Down ranar 21 ga watan, a ɗinka riguna a ɗauki hoto. Dattijo mai tawayar ƙwaƙwalwa da ya kurumce ya shafi kowace ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa yake da sauƙin zamewa a tsakaninsu, kowa na ganin na wani ne. A Ingila duk mai wannan lalura da ya kai shekara 14 yana da damar a duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara ko bai yi ƙorafin komai ba, har da ji da gani. Hikimar ita ce ba a jiran ƙorafi daga wanda ba zai iya yin sa ba. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Yana bukatar fitilar kunne a kowane asibitin sha-ka-tafi, da umarni cewa a yi amfani da ita. Masu rabon shinkafa da kekunan guragu da azumi ma su ji: ba kowace nakasa ce ke fitowa a hoto ba.

Idan gwaji ya nuna raunin na ciki ne, sai na'urar ƙara ji, kuma a nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa karo na biyu. A sayo da tsada, a cusa masa ranar suna ko biki, hayaniya ta dake shi, ya fizge ya jefar, a ce ai ga shi nan, ba ya so. Wanda ya yi shekaru cikin shiru ba a dawo masa da duniya rana ɗaya. Ana farawa da ɗan lokaci kaɗan a wuri shiru, tare da wanda ya yarda da shi, a riƙa ƙarawa. Sai an sa mutum ɗaya takamaimai ya riƙa goge ta, yana duba batir, yana kare ta daga gumi da ƙurar hunturu, yana kuma ɓoye ƙananan batiran don haɗiye su haɗari ne babba. Na kasuwa da ake saya ba tare da awo ba suna iya ƙara ɓarna. Ko babu na'ura ma akwai abin yi, kuma kyauta ne: ka zo ta gabansa, haske na fuskarka, ka kashe rediyo, ka faɗi magana gajera, in bai gane ba ka sake ta da wasu kalmomi. Ihu ba ya ƙara komai sai murguɗe sauti da tsoratarwa. A kuma daina aikensa tsallaken titi shi kaɗai. Babur da a-daidaita-sahu ta baya suke zuwa, in aka buge shi kuma cewa za a yi wawa ne ya faɗo hanya.

Muna yawan cewa an ɗauke masa alƙalami, muna faɗa kamar wata kyauta muka yi masa. Shi aka ɗauke wa. Ba a ɗauke wa ƙanensa ba, ba a ɗauke wa matar ƙanensa ba, ba a ɗauke wa limamin da ya ga mai cika masa buta ya daina waiwayowa in an yi sallama bai tambayi dalili ba.

Saura maganar kuɗi, don nan ake ɓuya a ƙarshe. "Ina muka ga na kai shi Kano?" A tara abin da aka kashe a rubutu da turare da zakaran sadaka da maganin kemis na shekara uku, a gwada da kuɗin mota da na kati. Bayan haka, mutumin nan yana da gado. Ranar da aka raba gidan mahaifinku da gonakinsa an fitar masa da rabonsa cif, aka damƙa a hannunka amana saboda ba zai iya juyawa ba. Kana noma gonar, kana karɓar kuɗin hayar shagon, tuwon dare da tsohuwar riga kake ba shi. Ba sadaka ake roƙo a wurinka ba. Ka fitar da buhu biyu daga amfanin gonarsa na bana, ka sayar, ka kai shi a duba masa kunne.